Mai Zaɓen Sanata da Aiken Rijiya

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma, surukina kuwa ya riga mu kama hanya. Mahaifin matata ya cika da hantsi a ɗakinsa na unguwar Ulaisha a birnin Riyad, aka sallace shi bayan la'asar, kafin magariba mun baro shi a maƙabarta. Wanda ya san Riyad ya san kaburburanta: tudun ƙasa, dutse a kai, dutse a ƙafa, babu suna babu alama. Yau in aka ce in koma in nuna nasa, sai dai in yi ta kame-kame. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, ni da sitiyari na sani ba alƙalami ba. Sunansa dai ba zai fito daga bakina ba. Ban kira shi yana raye ba, ba kuwa zan fara don ya kwanta dama ba.

Zaman makokin ya haɗa mutanen da ban taɓa ganin sun hau tabarma ɗaya ba. Ga ɗaliban jami'a da fararen jallabiyoyinsu suna ta'aziyya da Larabcin littafi. Ga leburorin gine-ginen unguwar Ulaya, ƙafafu fari fat da siminti, su ko abin da suke cewa kawai, "Allah Ya jiƙan Sanata." Ɗan Yaman mai kantin lungunmu ya rufe kantinsa ya zo yana zuba wa mutane gahawa da hannunsa. A cikin gida matata, wadda aka zo da ita ƙasar nan a goye, in kuka ya ci ƙarfinta da Larabci yake fitowa, har surukata ta dafa ta ta ce, "Ke, yi masa addu'ar da Hausa, ita ya fi ji."

Da zama ya yi zama sai aka shiga ba da tarihinsa, kowa da nasa. Wani ya ce minista ne a Nijar aka kore shi. Wani ya ce sarki ne Turawa suka tuɓe. Wani direba ya rantse cewa tsohon ya zauna a birnin Faris har ya auri Baturiya. Ina jin su, raina yana cewa da yana nan da ya gyara musu zance, don bai taɓa barin wannan ƙaryar ta wuce ta gabansa ba. Duk wanda ya ce masa Sanata, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "A'a. Ni ba sanata ba ne, mai zaɓen sanata ne. Faris kuwa ko a mafarki ban taka ta ba." Sunan dai ya bi shi har kabari.

Mutum ɗaya ne bai sa baki ba. Yana zaune a bakin ƙofa kusa da randar tsohon, duk wanda ya shigo sai ya miƙa masa ruwa a moɗa. Ɗan wan mamacin ne, magidanci mai furfura a gemu, lebura a wani gini. Shi ne kuma mutumin da na fi jin haushi a duk Riyad a makonnin da suka gabaci rasuwar. Sai na faɗi dalili kafin a gane wane ne muka binne.

Randar nan ita ce abu na farko da kowa ya sani game da surukina. Yana da ɗan shago a kasuwar Batha inda yake sayar da turare da carbi da huluna, amma kafin ya fita kullum sai ya cika randa ya ajiye a ƙofar gida, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, don masu wucewa. Ba ya yarda a zubar da ruwa. Na alwala ma a kwano yake tara shi ya kai wa wata 'yar bishiyar kurna da ta fito a jikin katanga. Ni kuwa aikina tuƙa wayit, wato tankar ruwa, ina kai wa masu gini. A shekarun nan da kuɗin mai ya buɗe, Riyad ta zama kamar gidan da ake ta gyara ana ciki. Ko'ina rami, ko'ina bulo, kowa ihu yake a kawo ruwa. Wata rana ya ga na buɗe bututu ina wanke tayoyi, ruwa yana malala a kwalta. Bai yi mini faɗa ba. Ya tsaya kallo har na gama, sannan ya ce, "Bakano ke nan. Abin da bai saya da kuɗinsa ba, bai san yana da daraja ba." Shi Badamagare ne, ni Bakano, akwai wasa tsakaninmu tun kakanni, shi ya sa yake samun ƙofar tsokanata. Ni ba ni da bakin ramawa, 'yarsa nake aure.

Kunyar surukuta ta hana mu zama mu yi hira a gida. In ya shigo na fita, in na gaishe shi a durƙushe nake, idona a ƙasa. Wuri ɗaya muke iya magana, cikin wayit, ranar da na rage masa hanya zuwa Batha. A mota kowa gabansa yake kallo, ba a haɗa ido, don haka baki yakan saku. A nan na ji labarin mazaɓarsa, guntu-guntu, tsakanin wannan cunkoso da wancan.

Ya ce bayan babban yaƙin Turawa, Faransawa suka ce ƙasashen da suke mulka su ma za su samu bakin magana. Aka kafa majalisa a Yamai. Ba kowa ke zaɓen 'yan majalisar ba. Turawa da 'yan tsirarun da ke da takardar zama 'yan Faransa suna da nasu layi, su zaɓi nasu. Sauran jama'a kuma ba duka ba, sai sarakuna da masu gari da tsofaffin sojoji da malaman ofis da 'yan kasuwa masu lasisi. Shi ya ɗan yi lakwal, makarantar boko ke nan a bakinsu, don da aka matsa wa gidansu a ba da yaro, shi ƙarami aka miƙa aka ɓoye wansa. Wannan karatun ne ya kai shi majalisar Yamai. To su 'yan majalisar nan, su ne kuma ke zaɓen wanda zai je majalisar sama a Faris. 'Yan layin Turawa su tura nasu, 'yan layin baƙaƙe su tura nasu.

"Ka ga ƙasa tun daga bakin Kwara har tafkin Cadi," in ji shi, yana nuna gilashin mota da hannu kamar ƙasar tana shimfiɗe a kan titi. "Makiyaya, manoma, masunta, mata da maza. Amma mazaɓar gaba ɗayanta ɗaki guda ce, har da sauran wurin ajiye takalma."

Kafin ya tafi zaɓen farko, wansa, wanda a lokacin shi ne mai gari, ya tara dattawa a gindin gawo ya kira shi. Rijiyar garin tana ja da baya, kowace shekara sai an ƙara wa guga igiya. Wan ya ce, "Tunda an ce bakinka zai kai har inda ake yanke magana, ga aike. Ka faɗa wa wanda za ku tura, ya faɗa wa manyansu, a haƙa mana rijiya mai zurfi ta siminti." Shi kuma ya durƙusa ya ce, "Na karɓa." A garinsu wannan kalma ba wasa ba ce. Wanda ya ce na karɓa a gaban shaidu, aike yana wuyansa har sai ya dawo ya durƙusa gaban wanda ya aike shi, ya faɗi amsa, mai daɗi ko marar daɗi, an ce masa, "An sallame ka."

Ranar zaɓe aka miƙa masa takarda da ambulan aka nuna masa akwati. Shi a saninsa ba a tura mutum sai an faɗa masa abin da zai je yi, kuma a gaban jama'a. Sai ya tsaya gaban akwatin, ya gyara murya, ya fara, "Mai garinmu yana gaisuwa, ya ce rijiyarmu..." Tafinta ya zaburo ya kama masa hannun riga yana raɗa, "Kai, a nan ba a magana, takarda ake sakawa!" Baturen da ke kula da akwatin ya tambayi me yake cewa, tafinta ya ce addu'a yake yi. Duk lokacin da ya zo nan a labarin sai ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ni ma nakan yi, amma a hankali, don kada a ce na yi wa suruki dariya.

Da aka gama ya tare wanda ya ci a baranda ya isar masa da aiken baki da baki. Mutumin kirki ne, in ji shi, ya saurara har ƙarshe ya ce, "Na ji, zan kai." Surukina ya koma gida ya ce wa wansa amsa tana tafe. Shekaru suka wuce, aka sake zaɓe, aka tura wani, ya sake tare shi a barandar nan. Shi ma ya ce ya ji.

"Ban taɓa zaginsu ba," in ji shi. "Can da suka je, maganar ƙasashe ake yi da yaƙe-yaƙen da ba mu san da su ba. Wa zai tsayar da wannan don rijiyar garin da ba ya cikin taswira? Kuskuren namu ne. Mun ji an ce wakili, muka ɗauka ɗan aike ne irin namu, mai zuwa ya dawo. Ashe kujera ce aka yi ta don a zauna."

Sai kuma iskar 'yancin kai ta taso, aka naɗe kujerar kamar tabarma bayan taro. Babu mazaɓa, babu mai zaɓe, babu wanda za a tare a baranda. A lokacin ya kamata ya je ya durƙusa ya ce babu amsa. Ya ce ya yi niyya ba sau ɗaya ba, amma da ya hango wansa zaune a gindin gawo yana kallon hanya, sai ƙafarsa ta ƙi. Ya bi ayarin alhazai ta Cadi da Sudan da matarsa da jaririya, a kan in ya sauke farali zai dawo ya faɗa. Makka ta riƙe shi, daga baya Riyad ta karɓa. Yana nan labarin rasuwar wan ya iske shi.

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, ban iya ajiye magana a ciki ba. Na ce, "Baba, ai wannan aike ya mutu tare da kujerar."

Ya ce, "Kujera ce ta mutu. Ni da na ce na karɓa, ga ni zaune a motarka."

Ana nan sai farin nan ya auka wa ƙasashenmu, wanda ya kashe dabbobi ya tashi garuruwa. Mutane suka yi ta fitowa neman abin rufin asiri, wasu har nan. Wata rana na kai ruwa wani gini a Ulaya, ina jiran a sauke, na ji wani lebura yana magana da irin karin harshen surukina. Na tambaye shi garinsu, ya faɗa. Na tambayi gidansu, ya faɗa. Ashe ɗan wan ne, wanda ya gaji sarautar garin bayan mahaifinsa. Na tambaye shi yadda mai gari guda ya zo yana ɗaukar bulo, ya ce, "Garin ne babu." Rijiyar ta koma ba da laka, daga baya lakar ma ta ƙare. Mutane suka watse, wasu Maradi wasu Kano. Shi ne na ƙarshen fita.

Na kawo shi gida ran Juma'a ina ta murna, a zatona na haɗa zumunci. An sauko daga masallaci, tsakar gida cike da baƙi kamar kullum, an ajiye farantin shinkafa. Tsohon ya rungume shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, wanda ya mutu ya yi masa addu'a. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar babbar riga da ban taɓa gani a jikinsa ba. Ya tuɓe takalma. Muna kallo dattijon nan ya durƙusa a gaban ɗan da aka haifa a kan idonsa.

Ɗan ya zabura ya ce, "Subhanallahi! Baba, tashi, kana ba ni kunya."

Ya ce, "Ba gabanka na durƙusa ba, gaban mai gari na durƙusa. An aike ni a kan rijiya. Na je, na faɗa, na sake faɗa. Ba a ba ni amsa ba, ba kuwa za a bayar ba, don inda aka aike ni ya tashi. Ga aikenku na dawo da shi. A sallame ni."

Ni na ɗauka magana ta ƙare, kalma uku ce ɗan zai faɗa a ci shinkafa. Sai ɗan ya dubi tsohon.

Ya ce, "Baba, da ka zo ka faɗi haka tun mahaifina yana raye, da mun haƙa da hannunmu. Lokacin muna da shanun sayarwa, muna da samari. Duk shekarar da aka ce a tara hannu a fara, sai ya ce a dakata, ƙanena ya ce amsa tana tafe, kada mu kunyata shi. Da wannan maganar a bakinsa ya mutu. Wanda ya aike ka yana ƙasa, garin da ya aike ka babu shi. Da wane bakin zan sallame ka?"

Ya ɗauki takalmansa ya fita, ko loma bai kai baki ba. Sai da ni da wani ɗalibi muka kama tsohon muka ɗaga shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce gobe zan same shi a wurin aiki in gaya masa abin da bai taɓa ji ba; dattijo ya zubar da girmansa a gaban jama'a, ka tsallake shi ka wuce? Washegari a mota surukina ya hana ni. Ya ce, "Kada ka kuskura. Gaskiya ya faɗa, kuma haƙƙinsa ne. Sallama ba a ƙwatarta." Abin da ya roƙe ni kawai, kullum in zan fita in ɗebi ruwan randarsa a 'yar jarka, in naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, in ajiye wa ɗan a inuwar ginin, kada in ce daga ina. Ni da ke jan tanka guda ta ruwa, ga ni ina lallaɓa jarka a gefen kujera kamar mai kai wa maijego kunu. Ɗan ya san daga inda take. Yakan miƙa wa abokan aikinsa su shanye, shi kuwa ya je ya kafa baki a bututun wayit, ruwan da rana ta dafa.

Kullum in na dawo tsohon yakan tambaya, idonsa a wani wuri, "An sha?" In ce an sha. Bai taɓa tambayar wa ya sha ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Haka muka yi ta yi har ciwo ya kwantar da shi. Ciwon bai yi tsawo ba, bai kuma yi masa wulaƙanci ba. Yana salla a zaune, yana tsokanata da Bakano har ana gobe zai rasu. Sai dai duk lokacin da ƙofar gida ta yi ƙara, sai ya juya kai ya kalle ta. Na aika wa ɗan cewa jiki ya yi tsanani. Aka ce kafilinsu, wato ubangidan da suke aiki a ƙarƙashinsa, ya kwashe su zuwa wani aiki a bayan gari. Ko saƙon ya same shi da wuri ya yi ta jan ƙafa, ko bai same shi ba sai a makare, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. A masallaci na gan shi, a sahun baya, da kayan aiki a jikinsa.

Da za mu tafi maƙabarta na tuna ana yayyafa wa kabari ruwa in an gama, don ƙasa ta kwanta. Na ɗebi abin da ya rage a randa, cikon ƙarshe da aka yi yana raye, na zuba a jarkar nan. Aka sa shi, aka jera tubali, aka mayar da ƙasa. Na sunkuya zan buɗe jarkar sai na ji an riƙe ta. Ɗan wan ne. Na ƙi saki da farko, don har lokacin ban huce ba. Ya ce, "Don Allah." Na sakar masa.

Ya tuɓe takalmansa a kan ƙasar nan mai zafi, ya durƙusa wajen kai. Ya tsiyaya ruwan a tafin hannu ya sha. Sannan ya fara zubawa a hankali daga kai zuwa ƙafa, yana magana da murya irin ta mai gari a gaban dattawa, ba ta lebura ba.

"Baba, an aike ka, ka je, ka faɗa, ka dawo. Mun ji amsa. Ni da mahaifina da mutanen gari, na raye da na mace, mun yafe. An sallame ka."

Wani ɗalibi ya buɗe baki zai ce wani abu game da yi wa mamaci magana, wani tsohon direba ya ja masa hannun riga ya hana shi. Ni kuwa a tsaye nake ina cewa a raina, ina amfani yanzu, me ya hana ka faɗa lokacin da yake juya kai yana kallon ƙofa? Ban gama wannan tunani ba na ji hawaye yana bin gemuna, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a mutuwar mahaifina. Har yau ina jin zafin jinkirin nan, ba zan ɓoye ba. Amma na ji da kunnena an sallame shi, kuma a gaban shaidu, yadda ake yi a garinsu.

Ɗan ya miƙe ya miƙo mini jarkar babu ko ɗigo. Tun daga ranar shi ke cika randar kafin ya wuce aiki.

Allah Ya jiƙan surukina, Ya yafe masa, Ya sa ya huta. Allah Ya shayar da shi daga Alkausara, inda ba a ƙara wa guga igiya.